Sai Ruwan Fanya Ya Janye

Kukan ya taso ne daga wajen ƙofar gabas, bayan an yi lisha. Ba na kura ba ne, ba ƙahon mafarauta ba ne, ba kuma bijimin Fulani ba. Wani dogon nishi ne mai kauri, kamar rijiya ce ta buɗe baki tana kiran wani. Karnukan Bungudu suka yi tsit. Malam Jatau ya tashi zaune a kan tabarma, ya tofa addu'a hagu da dama. Matarsa Luba ta ce daga cikin ɗaki, "Wannan ba abin garin nan ba ne."

Da gari ya waye labari ya zo. Tambaya ne ya dawo, ɗan gidan maƙera, wanda suka tafi fataucin kanwa ƙasar Adamawa tare da Labbo tun kafin yaƙin Jamus. Labbo kuwa shi kaɗai ne ɗan da ya rage wa Jatau da Luba, don annobar marisuwa ta kwashe ƙannensa biyu a mako guda. Jatau bai tsaya neman hula ba.

Ya tarar da zauren maƙera cike. Tambaya na zaune a tsakiya, ya rame, haƙoransa biyu sun tafi, a cinyarsa kuma ga wata katantanwa mai girman ƙwaryar fura, bayanta fari, cikinta ja-ja kamar dasashin jariri. Da ya ga Jatau sai ya durƙusa.

"Baba, yana raye. Da rai na baro shi."

Jatau ya dafa bango, sannan ya zauna a ƙasa.

Tambaya ya ba da labari, mutane na ta salati. A Garwa Jamus suka kama su, suka ɗora musu kaya. Da aka ci Jamus da yaƙi, aka kora su kudu cikin kurmi har bakin ruwa, aka zuba su a jirgi, aka kai su wani tsibiri da ake ce wa Fanya, da sunan Turawan da ke mulkinsa. Ya ce ƙasar dutse guda ce ƙato, kansa kullum cikin girgije, sai ka yi wata ba ka ga ƙololuwarsa ba. Rairayinta baƙi ne kamar an barbaɗa gawayi. Ruwan sama ba ya jin kunya, tufa ba ta bushewa, gishiri kan narke a cikin tandu. Ba gero, ba dawa, sai doya da gwaza da ayaba. Mutanen asali suna can kan tudu da sarakunansu, ba sa son saukowa. Turawa kuma sun share kurmi sun dasa wani itace da ake kira koko, wanda ke haihuwa a jikin kututture kamar ƙurji.

"To wa ke sarauta?" in ji Bello mai jima.

"Gwamna. Amma shi ma ɗan jira ne. Sarkinsu yana can wata uwa duniya, sai jirgi ya kawo magana. In jirgi ya makara, gwamna ya yi ta leƙen ruwa kamar mu."

"Ashe har gwamna na da uban gida," in ji Bello. Aka yi dariya.

Jatau bai yi ba. Ya ce, "Labbo fa?"

"Da yaƙi ya ƙare aka zo kwashe mu. Ƙafafunsa sun kumbura, likita ya hana shi shiga jirgi. Waɗanda suka rage, masu gonakin koko suka ɗebe su. Wannan katantanwa da ita ake kiran ma'aikata da asuba. Labbo ya ce in kawo maka, in busa idan na iso, ka ji muryar inda yake."

"Me ya hana shi biyo ku da ya warke?"

"Ruwa, Baba. Ruwa ya kewaye ƙasar ta ko'ina."

Jatau ya gyaɗa kai a hankali. Wannan ya gane shi. Shi da aka haifa a bakin gulbi, ya san abin da ruwa ke yi. Da damina yakan raba Bungudu da ƙauyukan ƙetare, amarya ta kwana uku tana hangen garin mijinta. Amma ba a taɓa yin ruwan da ya gagari rani ba. Ya karɓi katantanwar da hannu biyu, ya yi godiya, ya fita ana ci gaba da tambayar ko mutanen can suna da wutsiya.

A gida ya tarar da Luba tsaye a bakin ƙofa, muciya a hannu.

"Yana raye," ya ce. "Ruwa ne ya tare shi."

Ta saki muciyar. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta leƙa ta kan danga ta kira maƙwabciyarsu. "Iya Ma'u! Ruwa ne kawai! Ruwa ne ya tare shi!"

Kafin hantsi gidan ya canza. Luba ta buɗe ɗakin Labbo da aka rufe shekara da shekaru, ta kori ƙadangaru, ta kwaɓa ƙasa tana liƙe tsagar bango. Jatau ya yi lissafinsa: an gama girbi, gulbi ya fara ja da baya. In ya tashi yanzu, zai isa bakin ruwan can a tsakiyar bazara, lokacin da ko ɗan akuya ke haye gulbi. Mai kumburin ƙafa jaki yake bukata, ba wani abu ba. Ya fito da akumari ya kakkaɓe, ya ja jakinsa zuwa kasuwa, don ran nan kasuwa ke ci.

Ya sayi takalman fata masu faɗi, irin waɗanda kumburarriyar ƙafa za ta shiga. Ya sayi ƙuli-ƙuli da kanwa da sabuwar igiya. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Fanya za ni, ɗauko yaro." Wani mai goro daga Tsafe ya ce shi dai ya san hanya har Zariya, daga can sai a yi tambaya. Wani Bagusaye ya ce ya ji ana cewa bayan Ilori ne kaɗan.

A rumfar masu igiya Tambaya ya same shi. Ya dubi jakin, ya dubi takalman da ke rataye a wuyan Jatau, fuskarsa ta sauya.

"Baba, ina zuwa haka?"

"Kai ma ka sani. Sai ka faɗa mini ta wane mashigi ake hayewa."

Tambaya ya karɓi igiyar jakin, ya ce su je bakin gulbi.

Ruwan ya riga ya ja, ya bar farin yashi da duwatsu, sai wata siririyar ƙorama a tsakiya inda mata ke wanki. Wani Bafillace na haye da shanunsa, ruwan bai kai musu gwiwa ba.

"Ka gani?" in ji Jatau. "Watan jiya a nan ya ci mutum."

"Baba, wancan ba gulbi ba ne."

"Na sani, ya fi wannan. Na ji labarin Kwara. Ita ma ai tana sauka."

"Kwara a cikinsa take faɗawa, bai ma san ta shigo ba." Tambaya ya tsuguna, ya zana da'ira a yashi, ya ajiye tsakuwa a tsakiya. "Ga Fanya. Duk wannan yashin, har inda idonka ya tsaya, har bayan Gusau, ruwa ne. Ba a ganin ƙetare. Gishiri ne, ba a sha. Na shekara uku ina dubansa, rani da damina."

"Bai taɓa ja ba?"

"Yana ja. Kullum yana ja kamar daga nan zuwa wajen matan can, kafin la'asar ya dawo. Farkon zuwanmu mun sha tsammani farkon rani ne. Ni da Labbo muka kafa kara a bakinsa muna dubawa. Har muka daina."

Jatau ya daɗe yana kallon tsakuwar.

"To jirgin da ya kawo ka?"

"Na Turawa ne, kuma mu aka aiko shi ya kwasa, an gama. Ba mai fita sai da yardar gwamna da ta mai gona. Ban ma san gonar da aka kai shi ba, Baba. Suna da yawa, a bayan dutsen."

"Amma da rai ka baro shi."

"Da rai. Yana zaune a kan baƙin yashin nan, ya miƙe ƙafafu, yana ɗaga mini hannu."

Jatau ya sunkuya ya ɗauki tsakuwar daga cikin da'irar, ya jujjuya ta, ya jefa a aljihu. Ya karɓi igiyar jakinsa.

Rana ta yi sanyi sa'ad da ya shiga gida. Ɗakin Labbo ya sha sabon yaɓi, ƙamshin ɗanyar ƙasa ya cika tsakar gida. Luba ta ɗora katantanwar a kan jere, tsakanin tasoshinta na aure, ta surfa geron gumbar tafiya ta shanya. Ta ga yana kwance wa jakin akumari, yana rataye shi a inda ya ɗauko shi da safe.

"Malam, ba gobe za ka tashi ba?"

"Tambaya ya ce ruwan bai janye ba tukuna."

Ta dube shi. Shekara arba'in tana duban fuskar nan. Ta sa hannu ta cire takalman daga wuyansa, ta shiga ɗakin Labbo ta ajiye su a bakin gado, kusa da juna, sannan ta fito ta durƙusa tana tattara geron da bai gama bushewa ba.

Iya Ma'u ta leƙo ta kan danga, da ɗan ƙunshin daddawa da ta kawo gudummawar tafiya.

"Malam Jatau, sannu da dawowa. Na ce, shi ruwan nasu na can, a wane wata yake janyewa?"