Ranar da Malafa Ta Zauna Cin Abinci

Ranar Asabar ɗin da za a ɗaura auren ƙanwarsa Twyla, Coy ya fita da hantsi ya ɗauko malafar babansu daga cikin a-kori-kura. Ya ɗora ta a kai, ta ƙi shiga. Can bisa ta tsaya, kamar an kifa masa kwano.

Laifinsa ne, ya kuma sani. Ranar Alhamis ya sa ta don gwaji, ruwa ya kama shi wajen shanu, ya dawo ya jefa ta kan kujerar mota ya rufe gilashi. Kwana biyu ranar Texas tana gasa ta, fatar da ke zagaye da cikinta ta bushe ta motse.

Malafar fara ce mai ɗan toka-toka, ta gashin zomo, marigayi babansu ba ya sa ta sai ranar coci ko biki. Abu ɗaya Twyla ta roƙa: da ƙarfe huɗu, a gindin itatuwan bakin rafi, Coy ya riƙe hannunta ya kai ta gaban ango da malafar Baba a kansa.

Kawu Virgil, ƙanen mamarsu, yana zaune a baranda yana shafa wa takalmansa masu dogon wuya mai. Ya dube shi ya dubi malafar.

"Ba ita ta motse ba, ɗana. Kanka ne ya kumbura tun da bijiminka ya ci kyauta a gari."

Da ya gama dariya sai ya ba da shawara a turara ta, a cusa mata tukunya ta buɗe. Coy bai yi musu ba. Ya ɗora buta, ya riƙe malafar kan tururi har ta yi laushi, ya kifa ta a gindin tukunyar wake ya danna. Ta buɗe kuwa. Sai dai tukunya zagaye take, kan Coy kuma dogo ne irin na gidansu. Gaba da baya ta matse shi, gefe kuwa yatsa biyu ke shiga.

A haka Mama Odessa ta shigo ta same su, manyan maza biyu sun tasa tukunyarta a gaba. Ba ta yi faɗa ba. Ta kori Virgil waje, ta karɓi malafar, ta bi ta da buroshi mai taushi ta ɓangaren da gashin ya kwanta. Ta shafa wa fatar ɗan mai da yatsa, ta turara ta kaɗan-kaɗan tana juyawa. Sannan ta ce Coy ya durƙusa, ta sa masa ita da zafinta, ta danna da hannu biyu. Ta ce malafa kan mai ita kawai take ji. Kada ya cire ta ko na minti ɗaya, kada ya shiga rana, sai ta bushe da kanta. Aƙalla awa uku.

Coy ya dubi agogo. Sha ɗaya da rabi. Sha biyu dangin ango za su zo cin abinci.

A gidan nan kuwa ba a zama tebur da malafa. Akwai ƙusoshi jere a bakin ƙofa, kowa nan yake rataye tasa, har fasto. Coy ya sha dukan cokali a kan wannan yana yaro.

Baƙi suka iso, suka rataye nasu. Aka jera gasasshen naman sa, wake, da burodin masara. Coy ya zuba nasa a faranti, ya lallaɓa zai fita baranda ya ci a inuwa. Yana jin uwar ango tana bin kansa da kallo.

"Ina za ka?" in ji Mama.

"Waje, Mama. Saboda..." Ya nuna kansa.

"Kujerar babanka ga ta can. Wa zai yi mana addu'a, kajin gida?"

Ya zauna, kunnuwansa sun yi ja. Ya yi addu'ar a gajarce, hannunsa na ta son tashi ya cire malafar, yana mai da shi. Kawu Virgil ya ga an samu hanya, ya miƙe a hankali ya nufi ƙusoshi zai ɗauko tasa malafar. Mama ta ɗaga ido kawai. Ya ce ai gishiri ya tashi nema, ya dawo ya zauna.

Sai ta juya wajen uwar ango tana miƙa mata wake.

"Shekara talatin da ɗaya mijina yana roƙo in bar shi ya ci abinci da malafar nan. Yau dai ya samu."

Twyla ta yi dariya har ta ɗauki tsumman tebur ta goge ido.

Uku da kwata Coy ya cire ta a gaban madubi, ya mayar. Ta zauna daidai, ba matsi ba rawa. Jan layin da ta bar masa a goshi bai baje ba har aka gama ɗaukar hoto, amma malafar ta rufe shi. A bakin rafi Twyla ta ɗaga hannu ta gyara masa bakinta, ta ɗan karkata shi hagu yadda Baba ke yi, sannan ta kama hannunsa suka taka.

Washegari da safe ya fito karin kumallo da tasa malafar ta aiki a kai, don ya ga ko dokar ta canza. Mama na ganinsa, cokali ta ɗauka.