Ƙullutun Mahauci

Likitar ta zana da'ira a farar takarda, ta ɗiga ɗigo a tsakiya, ta tura wa mahaucin.

"Baba, wannan ita ce ƙwayar halitta. Da irinta aka gina duk jikinka. Ka ɗauke ta kamar ɗaki: ga bango mai ƙofa, abinci ya shiga, shara ta fita. Ɗigon nan shi ne maigida. Shi ke cewa a yi aiki, a rabu biyu, ko a tsaya."

Mahaucin ya dubi zanen, ya shafa ƙullutun da ke gefen wuyansa.

"'Yata, na feɗe shanu ba adadi. Na ga hanta, na ga huhu, na ga tumbi. Ban taɓa cin karo da ɗaki ba."

Matarsa, da ke zaune kusa da shi rungume da jaka, ta taka masa ƙafa.

"To nawa maigidan me ya yi?" ya ce.

"A wasu ɗakunan ya daina cewa a tsaya. Suna ta rabuwa. Shi ne ciwon dajin. Bai bazu ba tukuna, gara a cire yanzu."

Tun a mota ya gaya wa matarsa ba mai kwantar da shi a kan tebur. Ya san abin da ake yi a kan tebur.

"Ni ba na yarda da abin da ban gani ba," ya ce.

Likitar ba ta yi musu ba. Ta kai su ɗakin gwaji, ta sa ɗan gilashin da aka shafa wa tsokar da aka ɗiba daga ƙullutunsa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Ya cire hula, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa. A gefe guda ɗakunan na jere, kowanne da ɗigonsa. A ɗaya gefen kuwa sun cunkushe, sun hau kan juna, ɗigon ya kumbura ya yi baƙi. Ya daɗe a sunkuye. Bai san sunan komai ba, amma ya san ɓataccen wuri in ya gan shi, kuma bai taɓa barin irinsa a jikin nama ba.

Ya miƙe ya mai da hularsa.

"In za ki yanka, ki haɗa da mai kyau a gefe. Kada ki ji tausayi."

"Haka muke yi, Baba."

"Wa ke wasa muku wuƙaƙen?"

"Ba a wasawa. Sabuwa muke buɗewa, in an gama a yar."

"A yar?"

"A yar."

A motar komawa gida maganar da ya yi ta yi ke nan: wuƙa sabuwa fil, yanka ɗaya, a jefa a kwandon shara. Matarsa ta riƙe bakin rigarsa, ba ta saki ba har suka sauka.