Wutsiyar Madaci

Murfin but ɗin motar ya sauko, aka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Baba Kafinta bai juya ba ma ya san abin da ya karye. Sati uku ke nan yana haɗa ɗan jirgin saman nan, ya san kukan kowane katako da ke jikinsa.

Darakta ya ɗaga murfin a hankali. Wutsiyar jirgin ta rabu biyu, ɓari ɗaya yana lilo a jikin jar ledar da aka lulluɓe shi da ita. Shi ya rufe but ɗin da hannunsa, yana waya, bai duba ba, kuma ma'aikata huɗu da ke bakin ƙofar kamfanin sun gani. Amma da ya kashe wayar, sai ya kalli tsohon.

"Baba, wa ya ce a sa shi haka?"

"Yallaɓai, ai kai ka ce..."

"Na ce a sa shi. Ban ce a bar wutsiya a waje ba." Ya duba agogo. "Ƙarfe huɗu zan tashe shi a gaban mutane. Yanzu ɗaya saura. Ka san dai maganar da muka yi."

Baba ya sani. Darakta mijin 'yarsa ne, shi ne kuma mai kamfanin kujerun nan. Tun da aka kawo injunan da ke yanka katako da kansu, aka tura bencin Baba can lungu kusa da banɗaki, aka bar shi don kunya kawai. Sai ga shi Darakta ya shiga ƙungiyar wasu masu hali da ke tashin ƙananan jirage duk ranar Asabar, mutanen da ke raina duk wanda ya sayi jirgi a haɗe. Ya yi odar kwali guda, ya buɗe, ya ga guntayen katako sun fi ɗari biyu, ya rufe. Washegari ya dire kwalin a kan bencin lungu.

"In ya tashi, benci na nan," ya ce ranar. "In bai tashi ba, Baba, ka je gida ka huta. Injiniya na son lungun nan."

Gida kuwa ɗaki ɗaya ne a bayan gidan Daraktan. Wanda ba shi da benci a nan, ci-ma-zaune ne a can.

Baba ya rungumi jirgin ya koma ciki. Faɗin fukafukansa ya kai tsayin mutum, amma bai kai jariri nauyi ba. Littafin bayanin da ya zo a kwalin da wani yare aka rubuta shi, don haka hotuna Baba ya bi, ɗaya bayan ɗaya: haƙarƙarin fiffike ashirin da huɗu, kowanne ya goge shi da samfefa, ya manna, ya danne da allurai har gam ya kama. Ledar ma da ɗan ƙaramin dutsen guga ya shimfiɗa ta, babu tamoji ko ɗaya. Abu ɗaya ne bai taɓa kwanta masa ba, katakon. Fari ne, farce na shiga cikinsa, in ka hura shi sai ya bar benci. Shekara arba'in Baba yana aiki, ba a taɓa dawo masa da kujera an ce ta karye ba. Ga shi yanzu murfin but kawai ya gama da wutsiya.

Babu ragowar farin katakon a kwali. Ya sunkuya ƙarƙashin benci ya jawo guntun madaci, ragowar ƙafar wani tebur. Ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya ji amo mai daɗi.

Wayarsa ta ɗauki ruri a aljihu. Tsohuwar waya ce mai maɓallai, an ƙure mata ƙara don zarto ya cinye masa kunne ɗaya, har ma'aikata suna ce mata jiniya. 'Yarsa ce.

"Baba, ya kira ni yana ta faɗa. Don Allah ka lallaɓa shi."

"Shi fa ya rufe but ɗin."

"Na sani. Kai dai ka ba shi haƙuri. Ni zai dawo ya sauke wa."

"Zan yi masa wadda ba za ta sake karyewa ba," in ji Baba, ya kashe.

Hannunsa da ke rawa in ya ɗauki kofi ba ya rawa in ya kama zarto. Ya shata tsohuwar wutsiyar a kan madacin, ya tsaga, ya fere, ya goge. Da ya kai kaurin ta farko sai ya ga kamar ta yi siriri da yawa, ya bar mata ɗan jiki. Ya ƙara tokare biyu ta ƙasa. Ya cika mahaɗar da gam, ya bi da ƙananan ƙusoshi huɗu, ya mayar da sandunan da ke motsa ta. Ledar da ta rage ta isa sama kawai, ƙasan ya bar shi tsirara, jan katako yana sheƙi.

A nan ne hannunsa ya yi abin da ya saba. Duk kujerar da ya taɓa yi, in ka kifa ta za ka ga hatiminsa: hoton guduma, da lambar wayarsa a ƙasa. Darakta ya hana shi sa wa jirgin, tunda cewa zai yi shi ya haɗa. To amma wannan madaci ne, aikin kafinta ne, kuma wa zai leƙa ƙarƙashin wutsiya? Ya hura wa hatimin iska, ya danna.

Uku saura kwata Injiniya ya zo sa batir. Bai taɓa shiga ajin injiniya ba, shi dai ya iya latsa injunan, sunan ya bi shi. Ya haɗa wayoyi, ya motsa sandunan rimot, fukafukai suka amsa. Sannan ya sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike, daidai inda littafin ya zana wata 'yar da'ira da Baba bai taɓa gane amfaninta ba, ya ɗaga jirgin sama.

Wutsiya ta yi ƙasa, hanci ya kalli rufin kwano.

Injiniya ya daɗe yana kallo. Ya dubi wutsiyar, ya dubi bencin, ya dubi faɗin lungun kamar mai awo.

"Lafiya dai ko?" in ji Baba.

"Garau, Baba. Wannan ai ko giwa ta taka ba za ta karye ba."

Baba ya ji daɗi har cikin ransa. Kujerar kirki ma ai da ƙafafun baya take zama.

Filin ƙungiyar yana bayan gari, ciyawa an aske ta ƙwal, ga rumfar tamfol da kujerun roba, ga dogayen motoci a jere. Daga can ƙarshe akwai katanga, bayan katangar babban titi. Baba ya sauko daga bayan motar rungume da jirgin, don wannan karon a cinyarsa aka taho da shi.

Wani likita mai tumbi, wanda shi ne shugaban ƙungiyar, ya zagaya jirgin yana shafa ledar.

"Darakta, kai ka yi wannan? Ka rantse."

"Da hannun nan. Sati uku ban san inda kaina yake ba."

"Wannan dattijon fa?"

Darakta ya ɗan waiga. "Mai ɗauko mini kaya ne."

Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. A ranar da mutumin nan ya zo neman 'yarsa, a ƙasa ya zauna, ya kasa haɗa ido da shi.

"An duba ma'auni?" in ji likitan.

"Injiniyana ya duba," in ji Darakta. Injiniya ya gyaɗa kai, yana ɓare cingam.

Aka ajiye jirgin a kan ciyawa. Farfela ta juya, ta koma kuka kamar ƙudan zuma dubu. Darakta ya rataya rimot a wuya, ya buɗe ƙafafu, ya tura sanda. Jirgin ya sheƙa, bai yi taku ashirin ba ya bar ƙasa, ja wur a cikin hasken la'asar. Shekara arba'in Baba yana yin abubuwan da ake zama a kansu, yau ga nasa a sama.

"Ya tashi," ya ce a hankali. "Yallaɓai, ya tashi."

Hancin jirgin ya ci gaba da ɗagawa. Ya miƙe tsaye kamar mai hawa bango. Wasu a rumfa suka fara tafi, sun zaci wasan ne ya fara, tunda jirgin dama na alkafura ne.

"Sauke hanci," in ji likitan. Ya daina murmushi. "Darakta, sauke hanci mana."

"Ina saukewa. Ba ya ji."

Jirgin ya tsaya cak a sama, ya yi rawa, ya kifa ta fiffiken hagu. Ya yi alkafura ɗaya wadda ba wanda ya sa shi, ya ɗago, ya sake miƙewa, ya sake kifawa. Darakta yana ta murɗa sanduna, gumi na ɗiga daga haɓarsa. A karo na uku jirgin ya juya wa filin baya, ya tsallake katanga da dukkan ƙarfinsa. Aka ji ƙarar fashewar gilashi, aka ji birki mai tsawo, sannan wani ƙarfe ya daki wani ƙarfe. Kukan farfela ya ɗauke.

Injiniya ne ya fara magana, da murya mai taushi, amma yadda kowa zai ji.

"Wutsiyar ce. Madaci aka sa, katakon tebur. Jirgin da bayansa ya fi gabansa nauyi sau ɗaya yake tashi, kowa a nan ya sani."

"Madaci?" Likitan ya juyo. "Darakta, madaci ka sa wa jirgi?"

Wani a rumfa ya tuntsire da dariya, ya toshe baki. Wani ya ce saura a sa masa hannun kujera da matashi.

Baba ya matsa kusa da Injiniya. "Ka ɗaga shi a gabana. Ka ce mini garau."

"Ka tambaye ni ko lafiya, Baba, na ce ba za ta karye ba. Ƙarya na yi?" Ya tofar da cingam. "Ni wa ne da zan koya wa mai shekara arba'in aiki?"

Darakta ya cire rimot daga wuyansa, ya ajiye a kan kujera a hankali kamar abin da ba nasa ba. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zafi.

"Gobe da safe ka kwashe guduma da zartonka. Injiniya, a share lungun."

"Yallaɓai, ka ce in ya tashi. Ya tashi, kowa ya gani."

"Kuma ɗakin baya, direba na son sa. Sai ka yi wa 'yarka bayani da kanka, ni na gaji da ɗaukar kayan da ba ni na haifa ba." Ya juya ga mutanen rumfa, ya buɗe hannuwa yana murmushin dole. "Gaskiyar magana, 'yan uwa, ni ban ma taɓa jirgin nan ba. Tausayi ne ya ja mini. Ko ganin cikin kwalin ban yi sosai ba."

Likitan ya dube shi sama da ƙasa, sai hankalinsa ya koma ƙofar filin.

Wani dogon mutum ne ya shigo, ba ya sauri. Farar rigarsa ta jiƙe da jini daga kafaɗa zuwa ciki, amma tafiyarsa ba ta mai rauni ba ce, jinin na wani ne. Ɓaraguzan gilashi na ƙyalli a gashin kansa. A hannun hagu yana riƙe da wutsiyar jirgin. Duk sauran jirgin ya zama tsinke a kan titi, ita kuwa ko tsagewa ba ta yi ba, tokarenta biyu na nan daram.

Ya tsaya a gaban rumfar, ya bi fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya. Masu dariya suka shiga duba takalmansu. Darakta ya ja da baya taku biyu, ya sa hannuwa a aljihu.

"Matata na kujerar gaba," in ji mutumin. "Yanzu aka wuce da ita asibiti."

Bai tambayi jirgin na wane ne ba. Ya kifa wutsiyar, ya share jinin da ke kan jan katakon da babban yatsa, ya ciro waya. Yana duba katakon yana latsawa, lamba bayan lamba, sannan ya kara a kunne.

A aljihun Baba Kafinta, jiniya ta ɗauki ruri.