Hantar Ƙarfe Goma

Kullum ƙarfe goma na safe, Auta na kan keken ɗinki, sai ta ji ƙarar birkin tsohon babur ɗin mahaifinta a ƙofar shago. Mahauci ne, ya fi shekara talatin yana sana'ar. Ba ya shiga ciki, ya ce rigarsa za ta ɓata wa mutane yadi. A bakin ƙofa yake tsayawa, ya miƙo ƙunshin takarda mai ɗumi wadda mai ya riga ya huda.

"Auta, karɓi. Ki ci da zafinta."

Hanta ce. Tun ranar da surukinsa ya gaya masa Auta na da juna biyu, da an gama fiɗa hanta yake fara cirewa, ya gasa da hannunsa, ya kawo. Bai taɓa ambaton cikin a gabanta ba, ita ma ba ta taɓa ba. Hantar ce kawai ke zuwa.

Wata guda tana ci, har ranar da ta je awo nas ta tambaye ta abin da take ci. Auta ta lissafa, ta zo kan hanta.

"Sau nawa a mako?"

"Kullum."

Nas ta ajiye biro. "Kullum? 'Yar'uwa, ke ce mai saniyar?" Sai ta gyara zama. "Hanta tana ƙara jini, wannan gaskiya ne. Amma akwai bitamin A jibge a cikinta, kuma idan ya yi yawa yana iya taɓa halittar jariri, musamman a watannin farko. Ki bar ta sai kin haihu. Ga tsoka, ga wake, ga ganye, ga maganin ƙarin jini."

"Wadda na riga na ci fa?"

"Kada ki tayar da hankalinki, za mu riƙa dubawa. Daga yau dai a tsaya."

Ta tsaya ɗin, amma ta kasa gaya wa mahaifinta. Da babur ɗin ya juya sai ta tura ƙunshin teburin Maman Biyu, mai yi musu surfani. Kwana tara ana haka. Maman Biyu har ta fara kawo yaji daga gida.

"Ni dai Allah ya ja kwanan Baba," take cewa tana lashe yatsu. "Ke da ciki, ni da kumatu."

A rana ta goma Baba ya miƙo ƙunshin, amma bai juya ba. Ya kafe babur ɗin. Ya dubi Auta, ya dubi kwalbar yajin da ke gefen zaren Maman Biyu, wadda tuni ta shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburinta.

"Yau a gabana za ki ci."

Maman Biyu ta ja jaridar a hankali ta cusa ƙarƙashin yadi, ta sunkuya kan surfaninta kamar ta ga abin mamaki a ciki.

Auta ta buɗe takardar. Ƙamshin ya cika shagon, har yawunta ya tsinke. Yanka ɗaya ne kawai, ta ce a ranta, yanka ɗaya ba zai yi komai ba. Amma gobe ma zai tsaya, jibi ma haka. Ta nannaɗe takardar ta miƙe.

"Baba, an hana ni."

"Wa?"

"A asibiti. Sun ce hanta kullum tana iya cutar da..." Ta kasa ƙarasawa. Ta ɗora hannu a cikinta, karo na farko a gabansa.

Ya kawar da kai. "Su waye suka faɗa? Yaran nan da ba su san hanta da huhu ba idan an ajiye musu a faranti?"

"Baba, sun karanta."

"Ni kuma na gani." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar da aka haife ki ina tsaye a baranda likita ya fito. Bai ce mini komai ba sai, ba ta da jini. Matar mahauci, Auta. Ina yanka kullum, ina raba wa gari, matata ba ta da jini."

Auta ba ta san mahaifiyarta ba sai a hoto. Ta san ta rasu wajen haihuwarta, amma wannan maganar ba ta taɓa jin ta ba. Idonta ya ciko. Da ta bi ta zuciyarta da ta cinye ƙunshin har takardar. Ta cije leɓe.

"Ba zan ci ba, Baba. Amma gobe za a gwada jinina. Ka zo ka gani da idonka."

Ya buga babur ɗin sau uku kafin ya tashi, ya tafi ya bar ta da ƙunshin a hannu.

"Kin iya taurin kai," in ji Maman Biyu bayan an ɗan jima. Ko ita ranar ba ta taɓa hantar ba.

Washegari Auta ba ta jira shi ba, don ta san ba zai zo ba. Ita ta je. Rumfarsa ce ta uku a layin mahauta, ga ƙugiyoyi a jere, ga kututturen sara wanda tsakiyarsa ya lotsa. Ƙarnin wurin ya taso mata da zuciya, ta toshe hanci da gefen mayafi ta tsaya daram. Baba yana wasa wuƙa, ya yi kamar bai gan ta ba.

Maƙwabcinsa, wani dogon mahauci mai wushirya, ya leƙo. "A'a, yau Auta ce da kanta? Me za a yanka miki?"

"Baba na zo ɗauka, Kawu."

"To ai wannan ƙashi ne zalla, ba ya dahuwa."

Mahautan layin suka kwashe da dariya. Baba bai ko murmusa ba.

"Ina da aiki."

"Zan jira."

"Wurin nan bai dace da ke ba."

"To ka raka ni in tafi."

Ta jawo benci ta zauna. Ya sallami mutum biyu, ya sallami na uku, kowane lokaci sai ya saci kallonta. Ƙuda ya dame ta, zufa ta keto mata, ba ta motsa ba. Can sai ya soka wuƙar a kututture, ya cire rigar aikin, ya wanke hannu har gwiwa.

"Tashi, kafin ki faɗi a nan a ce ni ne."

A asibiti shi kaɗai ne namiji a layin, ya zauna a ƙarshen benci da hularsa a gwiwa. Wata mai tsohon ciki ta dube shi ta ce, "Baba, kai wata nawa?" Mata suka yi ta dariya. Ya murtuke fuska ya kafa wa bango ido.

Aka ɗebi jinin Auta, suka jira kusan awa guda. Da aka kira ta, ta riƙo hannun rigarsa suka shiga tare.

"Mahaifina ne," ta ce wa nas. "Shi ne mai hantar."

"Sannu da zuwa, Baba. Ashe kai ne ka so ka ƙarar da shanun gari."

"Jininta nawa ne?" ya tambaya, ko gaisuwar bai amsa ba.

Nas ta juyo masa da takardar, ta nuna lamba da bakin biro. "Ka ga nan? Wannan nata ne. Wannan kuma shi ne inda muke fara damuwa. Tana sama da shi, amma ba da nisa ba. Ina so ya ƙaru kafin haihuwa."

"Kin ji ko," ya ce wa Auta. "Bai isa ba."

"Bai isa ba," nas ta yarda. "Amma ba da hanta za mu cike shi ba. Idan ka ba ta kullum, ka gyara uwa ka saka ɗan a hatsari. Kana son haka?"

Auta ta ga yatsunsa suna murza bakin hular.

"Idan jinin ya zube ranar fa?" ya ce a hankali.

Nas ta dube shi da kyau, wasan ya bar fuskarta. "Shi ya sa muke aunawa tun yanzu, kuma a nan za ta haihu, a gabanmu. Muna tanadar jini kafin ranar. 'Yan'uwa ma suna iya bayarwa a ajiye."

"Ana karɓar na tsoho?"

"Shekarunka nawa?"

"Hamsin da takwas."

"Sai an gwada ka tukuna."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya matso da kujerarsa kusa da teburin, irin yadda yake matsowa idan zai duba dabba.

"To tsokar da kika ce. Ta ina? Cinya ko gadon baya?"

Nas ta yi dariya. "Wannan kai ne malamin. Ni dai jar tsoka, a dafa ta ta nuna har ciki, kada a ga ja ko kaɗan."

"Cinya," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ta fi ƙarancin kitse. Ƙoda fa?"

"Baba," in ji Auta, "akwai mutane a layi."

"Su jira, ni ma na jira." Ya nannaɗe hannun rigarsa har sama da gwiwa, ya ɗora damtsen a kan teburin nas. "Ina ake gwajin?"