Awarwaron Inna a Jug ɗin Kicin

Ruwa ba ya ƙarya, ba ya son kai, kuma ba a taɓa jin ya karɓi cin hanci ba. Haka Yaya ya sanar da dangi a falo, yana ɗaura zare a awarwaron marigayiya Inna. Shekara ashirin yana koyar da kimiyya, don haka ko tari ba wanda ya yi.

Auta ce ta yi jinyar Inna, a hannunta kuma aka bar awarwaron amana kafin rabon gado. Yanzu magana ta zaga dangi cewa ta sayar da na zinaren, ta ajiye na bogi.

Yaya ya auna nauyinsa a sikelin kicin, ya zura shi cikin ruwa a jug mai layi-layin awo, ya leƙo daga sama yana tsaye, ya yi lissafi.

"Zinare nauyi gare shi, ba ya cin wuri. Wannan ya ture ruwa ninki biyu na abin da zinare zai ture. Tagulla ce."

Goggo ta saki salati.

Auta ma'aikaciyar jinya ce, kullum cikin awon magani take. Ba ta ko gyara zama ba.

"Yaya, duƙa ka daidaita idonka da layin. Daga sama ko rijiya cike take."

"Ke za ki koya mini aikina?"

"Jug ɗin nan tsakanin layi da layi sai a yi wa jariri wanka. Ga kumfa ta manne a jikin zanen awarwaron. Ga zarenka kamar igiyar shanya. Kuma awarwaron nan cikinsa fanko ne, iska ka auna."

"Ƙananan kurakurai ne."

"Ƙanana ne, tunda ba kai suka mai da ɓarawo ba. Ku tashi mu je wurin maƙeri."

Maƙerin ya goga shi a dutse, ya ɗiga magani, ya ce zinare ne. Yaya ya yi murmushin masu digiri.

"A sama ke nan. Wa ya ga ciki?"

"Sai dai a yanka," in ji maƙerin. "In an yanka kuwa, zanen nan ba mai mai da shi."

Auta ta dubi wurin da hannun Inna ya cinye har ya yi santsi.

"Yanka."

"Haba 'yar nan, a bar wa Allah mana," in ji Goggo.

"A bari a ci gaba da ɓoye jaka in na shigo? Yanka, Baba."

Zarto ya ci. Zinare ne har ciki, da ramin da tsinken ashana zai shige.

Yaya ya daɗe yana leƙen ramin.

"Kun gani ko? Ruwan bai yi ƙarya ba. Iskar ce."

Ranar rabo kowa ya yarda, cikin karamci, cewa tunda Auta ce ta ce a yanka, yankakken ne rabonta. Ta ƙulle gutsure biyun a bakin mayafi, ta wanke jug ɗin, ta kife shi, ta wuce asibiti.