Baƙin da Ke Jikin Jan Ƙarfe

Wasila ba ta da abin da take lallaɓawa a duniya kamar wani ɗan farantin jan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. A ɗakin gwajinsu na Gusau take tsoma shi cikin ruwan gishiri, ta ba shi wutar lantarki, shi kuma ya riƙa mayar da iskar kabon, wadda injuna ke fitarwa, ta zama makamashi. Da farko aiki kamar ba gobe. Daga baya sai ya yi baƙi ya mutu murus, kuma duk faranti haka yake yi.

Wannan shi ne ya fi kowanne daɗewa, tun farkon damina har kaka. Dalilin mutuwarsa na cikin baƙin nan da ya lulluɓe shi, kuma a kansa digirinta ya rataya. Ta rufe shi a roba za ta kai Zariya, inda ake da na'urar da ke ganin abin da ido ba ya gani. A hanya ta ratse 'Yankuzo don ta gaida mahaifiyarta.

Inna Saude kuwa mace ce da ko tukunyar maƙwabta ta gani da baƙi sai hannunta ya yi ƙaiƙayi. Wasila ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, Inna ta buɗe jakarta don ta cusa mata daddawa da ƙuli-ƙuli.

Da Wasila ta dawo, ta tarar da farantin a kan tabarma yana shan rana, yana ƙyalli kamar yau aka ƙera shi. Gefensa ga toka da ɓawon lemun tsami.

"Wanga ƙarhe naki ya ba ni wuya," in ji Inna, tana murmushi. "Ki tahi gaban malamai da shi hakanan, a ce ɗiyata daga gidan ƙazamai ta hito?"

Wasila ta duba farantin, ko ɗigon baƙin nan bai rage ba. Ta buɗe baki, sai idonta ya sauka kan yatsun Inna, ɗaya yana tsattsafo da jini inda bakin ƙarfen ya yanke ta. Da hannun nan aka goge mata duk abin da ta taɓa fita da shi daga gidan nan.

"Ya yi kyau, Inna. Allah ya saka da alheri."

Inna ta goge yatsan da gefen zaninta.

"In akwai saura can Gusau, ki kawo mini su duka."