Wayar da Aka Ɗaure Wando da Ita

Mai ɗinki ta ƙare dabarunta kaf a kan ɗanta. Shekararsa biyu da rabi, amma babu rigar da ke cika awa ɗaya a jikinsa. Ta sa maɓalli, ya ɓalle. Ta sa zif, ya zuge. Ta juya masa riga gaba ya koma baya, ya kwanta a ƙasa ya yi ta murgina har ya sulale daga ciki kamar maciji mai saɓa. Maƙwabta suka laƙaba masa Injiniya, wai ɗan makaniki ne, dole ya kwance duk abin da aka ɗaure. Kowa na dariya ban da uban.

Shi makanikin garejinsa na ƙarshen layinsu. Mutum ne da ba ya ɗaukar raini, kuma hannunsa kan riga bakinsa magana. Shekara huɗu tana zaune da shi, ta koyi gane fushinsa tun daga takunsa.

Ranar da abin ya faru tana kan keken ɗinki tana kalmashe bakin labule, ƙarar keken ta hana ta jin fitar yaron. Wando kawai ta gani yashe a bakin ƙofa. Daga baya aka ba ta labarin cewa tiɓi-tiɓi ya taka har gareji, ya tsaya tsirara a gaban mutane yana tafi. Wani mai mota ya tambayi uban ko haka yake sallamar motoci ma, babu bodi. Aka bushe da dariya.

Da hannu ɗaya uban ya shigo da yaron, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Ya cusa shi cikin wandon, ya zaro wata waya daga aljihu, ya naɗa a ƙugun yaron sau biyu, ya kama bakinta da filaya ya shiga murɗawa. Da farko yaron ihu yake yi. Can sai muryar ta sirance, ya buɗe baki iska ba ta fita.

"Baban Injiniya, za ka yanke masa ciki," in ji ta.

Ya ce a bar wayar har yamma, a ga gwanin kwancewa. Yaron ya kai hannu zai ja wayar, uban ya maka masa bayan hannu a baki. Jini ya ɓata masa haƙoran gaba.

Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta ture shi ta ɗauki filayar da ya ajiye a kan tebur. Marin da ya kai mata ya wurga ta kan keke, keken ya kife, ita da shi suka zube. Kunnenta ya toshe ɗif. Ta rarrafa ta jawo yaron ƙarƙashinta, ta duƙa a kansa, ta kama wayar ta fara warwarewa. Takalmin aikinsa ya sauka a bayanta. Ya sake sauka a haƙarƙarinta, ta ji wani abu ya yi ƙas a ciki. Ba ta ɗago ba. Filayar na zamewa, tana sake kamawa, har wayar ta saki. Inda wayar ta kwanta a ƙugun yaron fatar ta tsage zagaye, ja wur.

Sai ya damƙi gashinta ya ja ta baya. Ta juya da filayar da iya ƙarfin da ya rage mata, ba tare da ta duba inda za ta sauka ba. A kan yatsunsa ta sauka. Ya sake ta, ya zauna daɓas cikin tulin yadi yana riƙe da hannun, yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba.

Tsohuwar da ke ba su hayar ɗakin ce ta shigo tana salati. Ta dubi ukun ɗaya bayan ɗaya, ta yaye labulen da ake ɗinkawa ta naɗe yaron a ciki, ta ce wa mai ɗinki ta tashi su tafi asibiti.

A can, bayan an wanke raunin, nas ta ɗaga hammatar yaron, ta duba bayan gwiwoyinsa da wuyansa. Ƙuraje ne ƙanana birjik, wasu sun fashe saboda susa. Ta tambaya da wane irin yadi ake masa kaya. Mai ɗinki ta ce ragowar yadin mutane ne, mai santsin nan. Nas ta ce shi ke cin fatarsa idan ya yi gumi, a koma masa auduga zalla, mai yalwa.

Duk dukan da ta sha ba ta yi hawaye ba sai a nan. Ita da ke gane yadi ido rufe, wata shida tana neman yadda za ta kulle ɗanta cikin abin da ke ƙona shi.

Daga asibiti gidan yayanta ta wuce. Haƙarƙari biyu ne suka tsage, sai da ta yi sati uku tana barci a zaune. Makanikin ya aiko ƙaninsa biko, ya aiko kawunsa, duk ta ce su gaida gida.

Bayan wata guda ya zo da kansa, yatsu biyu a naɗe da bandeji. Ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa. Yaron na wasa da murfin tukunya a tsakar gida. Da ya ji muryar sai ya saki murfin, ya ruga bayan yayan uwarsa ya ƙanƙame masa ƙafa, fitsari na bin cinyarsa.

Yayanta ya dube ta. "Ke za ki yi magana ko ni?"

"Bar shi, Yaya," in ji ta. "An riga an ba shi amsa."

Ta ɗauki ɗanta ta shige ɗaki don ta wanke shi.